Joseph Smith: Wanda ya kafa ɗarikar Mormon da auren ɓoyen da ya raba gidansa

A cikin shugabannin addinin da ƙasar Amurka ta haifa a ƙarni na 19, da wuya a sami wanda ya bar baya da ƙura kamar Joseph Smith. Shi ne ya kafa Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wanda duniya ta fi sani da ɗarikar Mormon. A yau cocin na da mabiya fiye da miliyan 17 a sassan duniya, har da Najeriya, inda yake da haikali a birnin Aba na Jihar Abiya tun 2005.

Shekara 38 kacal Smith ya yi a duniya. A cikinsu ya fitar da littafin da mabiyansa ke riƙo da shi tare da Baibul, ya gina birni, ya jagoranci runduna, ya nemi kujerar shugabancin Amurka, sannan ya rasa ransa a hannun gungun mutane a cikin gidan yari.

Sai dai a duk abin da ya yi, babu wanda ya jawo taƙaddama kamar sha'anin aurensa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ya auri mata tsakanin 30 zuwa 40, a jihar da dokarta ta haramta auren mace fiye da ɗaya. Ya ƙulla auren nan a asirce, yana musanta shi a bainar jama'a, kuma sau da yawa ba da sanin uwargidansa, Emma, ba. Wannan ɓoyo ne ya share hanyar mutuwarsa, ya kuma bar iyalinsa da mabiyansa suna jayayya shekaru aru-aru a kan abin da ya faru a gidansa.

Tasowarsa

An haifi Joseph Smith ranar 23 ga watan Disamba, 1805, a ƙauyen Sharon da ke Jihar Vermont. Iyayensa manoma ne marasa hali, waɗanda talauci ya yi ta tayarwa daga wannan gona zuwa waccan. Yana ɗan shekara bakwai zazzaɓin taifod ya kama shi, ciwon ya shiga ƙashin ƙafarsa, har aka yi masa tiyata ba tare da maganin kashe zafi ba. Ya yi shekaru yana tafiya da sanda.

Wajejen 1816 iyalin suka koma garin Palmyra a yammacin Jihar New York. A lokacin yankin ya cika da masu wa'azi, kowace ɗarikar Kirista na jan mutane zuwa gare ta. Smith bai yi zurfi a makaranta ba. Daga baya ya yi iƙirarin cewa a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga daji yin addu'a, inda ya ga wahayin da aka hane shi shiga kowane coci daga cikin waɗanda ake da su. Ya kuma ce a 1823 wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa allunan zinariya da aka binne a wani tsauni kusa da gidansu, ɗauke da tarihin wasu tsoffin al'ummomin nahiyar Amurka.

A shekarun nan yana kuma sana'ar neman dukiyar da aka binne a ƙasa, yana duba da wani dutse. Sana'ar ta kai shi gaban kotu a 1826. Ita ce kuma ta kai shi garin Harmony na Jihar Pennsylvania, inda ya sauka a gidan wani manomi, Isaac Hale, ya ga 'yarsa Emma. Mahaifin ya ƙi ba shi ita saboda bai yarda da sana'arsa ba. Sai suka gudu, aka ɗaura musu aure ranar 18 ga Janairu, 1827.

Littafi da sabon coci

Smith ya ce a wannan shekara aka damƙa masa allunan, ya shiga fassara su yana faɗa ana rubutawa. Emma na cikin waɗanda suka fara yi masa rubutun, amma wani malamin makaranta, Oliver Cowdery, ne ya rubuta mafi yawansa a 1829. An buga Littafin Mormon a Palmyra a watan Maris na 1830, kwafi 5,000, bayan wani manomi, Martin Harris, ya jinginar da gonarsa kan dala 3,000. Ranar 6 ga Afrilu na shekarar aka kafa cocin.

Abin lura shi ne, littafin kansa ya yi Allah-wadai da tara mata, har ya soki Dauda da Sulaiman a kan haka, sai dai ya bar ƙofa guda: idan Allah ne ya ba da umarni don a yawaita zuriya. A 1835 ma cocin ya sanya a kundin koyarwarsa cewa namiji ɗaya mace ɗaya ce tasa.

Kora daga gari zuwa gari

A 1831 Smith ya mayar da hedkwatarsa Kirtland a Jihar Ohio, wasu mabiyansa kuma suka nufi Missouri. Duk inda suka sauka sai an yi rikici da maƙwabta, waɗanda ke tsoron yadda baƙin ke sayen filaye da jefa ƙuri'a baki ɗaya. A watan Maris na 1832 wasu mutane suka fizgo shi daga gida da dare a garin Hiram, suka yi masa duka, suka shafe shi da kwalta da gashin tsuntsaye. Kwanaki kaɗan bayan haka jaririn da shi da Emma ke riƙo, wanda ke fama da ƙyanda, ya mutu. Kafin nan Emma ta riga ta binne 'ya'yan cikinta uku.

A Kirtland ne aka fara jin ƙishin-ƙishin. A tsakiyar shekarun 1830 wata budurwa, Fanny Alger, na aiki a gidan Smith. Masana da yawa na ɗaukarta a matsayin mace ta farko da ya ƙara aura, amma Oliver Cowdery ya ɗauki abin da ya shiga tsakaninsu a matsayin zina. Yarinyar ta bar gidan, shi kuma Cowdery aka kore shi daga cocin a 1838, kuma zargin da ya yi wa Smith na cikin tuhumar da aka yi masa.

Bankin da shugabannin cocin suka kafa a Kirtland ya durƙushe a 1837, masu bin bashi suka taso, Smith ya tsere Missouri a farkon 1838. Can ma tsugune ba ta ƙare ba. Faɗa ya ɓarke tsakanin mabiyansa da mazauna jihar, har Gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarni ranar 27 ga Oktoba, 1838, cewa a kore su daga jihar ko a hallaka su. Kwana uku bayan haka aka kashe 17 daga cikinsu a Haun's Mill. Sai a 1976 gwamnatin jihar ta soke wannan umarni.

An tsare Smith a kurkukun garin Liberty na tsawon watanni. Emma kuwa ta tsallake Kogin Mississippi da ƙafa a kan ƙanƙara a watan Fabrairun 1839, da yara huɗu, ta ɓoye rubuce-rubucen mijinta a cikin tufafinta.

Nauvoo da auren asiri

Bayan ya kuɓuta a watan Afrilun 1839, Smith ya tara jama'arsa a wata fadama da ke gaɓar Mississippi a Jihar Illinois, ya sa wa wurin suna Nauvoo. Jihar ta ba birnin iko mai faɗi, har da kotunansa da rundunar sa-kai, wadda Smith ya zama kwamandanta da muƙamin laftanar-janar. A 1842 ya zama magajin gari. Cikin shekara biyar Nauvoo ta kusa kamo Chicago a yawan jama'a.

A nan ne ya fara koya wa amintattunsa, ɗaya bayan ɗaya, cewa Allah ya maido da auren mace fiye da ɗaya kamar yadda Ibrahim da Yakubu suka yi. Ya haɗa koyarwar da wata aƙida cewa auren da aka ƙulla da ikon cocin ba ya yankewa da mutuwa, kuma da shi ake samun matsayi mafi girma a lahira. Wasu na kusa da shi sun ruwaito cewa ya shaida musu mala'ika ya zo masa da zararren takobi, yana barazanar hallaka shi idan bai bi umarnin ba.

Ranar 5 ga Afrilu, 1841, ya auri Louisa Beaman a ɓoye. Daga nan zuwa ƙarshen 1843 auren ya yi ta ƙaruwa. Mafi yawan shekaru a cikin matan ita ce Fanny Young, mai shekara 56. Mafi ƙanƙanta kuwa Helen Mar Kimball ce, 'yar ɗaya daga cikin manyan cocin, wadda ke da shekara 14. Fiye da 10 daga cikinsu matan aure ne, suna zaune da mazajensu, kamar Zina Huntington Jacobs, wadda ke ɗauke da cikin mijinta Henry Jacobs lokacin da aka ƙulla ta da Smith a 1841. Akwai kuma 'yan'uwa mata ciki ɗaya, da marayun da ke zaune a gidansa.

Masu kare shi na cewa wasu daga cikin auren na lahira ne kawai, babu zaman aure a cikinsu, kuma gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi wa zuriyar wasu da ake zaton 'ya'yansa ne bai tabbatar da ko ɗaya ba. Masu sukarsa kuwa na nuni da cewa mutumin da ke neman auren shi ne shugaban addinin matan, kuma yana ɗaura tsirar su da ta iyalansu a kan amsar da za su bayar, don haka ƙin yarda ba abu ne mai sauƙi ba. Duk da haka akwai waɗanda suka ƙi, kamar Nancy Rigdon, 'yar mataimakinsa Sidney Rigdon, a 1842.

A shekarar ce John C. Bennett, tsohon magajin garin Nauvoo da aka kora daga cocin kan zargin lalata, ya fara tona asirin a jaridu. Da yake shi ma ba mutumin kirki ba ne a idon jama'a, cocin ya sami damar ƙaryata shi. Lokacin da Smith ya mutu, kimanin maza 29 da mata 50 ne suka shiga irin wannan aure, ban da shi da matansa. Sauran dubban mazauna birnin jita-jita kawai suke ji.

Uwargida Emma

Babu wanda al'amarin ya ƙona kamar Emma. A watan Maris na 1842 aka naɗa ta shugabar ƙungiyar matan cocin, ta kuma yi amfani da matsayin wajen yaƙar raɗe-raɗin lalata a birnin. Wata uku bayan haka mijinta ya auri sakatariyar ƙungiyar, marubuciya Eliza R. Snow, wadda daga baya ta zauna a gidansu.

A watan Mayun 1843 Emma ta sassauta, ta yarda a yi mata kishiyoyi bisa sharaɗin ita za ta zaɓa. Cikin waɗanda ta zaɓa akwai Emily da Eliza Partridge, marayu biyu da ke gidanta. Ba ta san cewa mijinta ya riga ya aure su wata biyu da suka wuce ba. Aka sake ɗaura auren a gabanta, ba wanda ya ce uffan. Ba a daɗe ba ta janye amincewarta, kuma kafin shekarar ta ƙare ta sa 'yan matan sun bar gidan.

Ranar 12 ga Yuli, 1843, bisa roƙon wansa Hyrum, Smith ya faɗa wa magatakardansa William Clayton abin da ya kira wahayi a kan auren, aka rubuta. Takardar ta ambaci Emma da suna, ta umarce ta da karɓar matan da aka ba mijinta, ta kuma gargaɗe ta da hallaka idan ta ƙi. Hyrum ya kai mata da tsammanin zai shawo kanta, ya dawo ya sha faɗa. An ruwaito cewa an ƙona ainihin takardar saboda matsin Emma, amma an riga an kwafe ta.

Jaridar da ta fito sau ɗaya

Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji masu iya magana. A farkon 1844, daidai lokacin da Smith ya bayyana takararsa ta shugabancin ƙasa, ɓaraka ta fito daga cikin gida. William Law, ɗaya daga cikin mataimakansa biyu a shugabancin cocin, ya ga kwafin wahayin ya ƙi amincewa da shi. Aka kore shi a watan Afrilu. A watan Mayu aka shigar da tuhumar zina a kan Smith a kotun gundumar Hancock, shi kuma ya hau mumbari ranar 26 ga watan ya musanta cewa yana da mace fiye da ɗaya.

Ranar 7 ga Yuni, 1844, Law da abokansa suka fitar da jarida mai suna Nauvoo Expositor, ɗauke da shaidar rantsuwa ta waɗanda suka karanta wahayin ko suka ji an karanta shi. Jaridar ta kuma zargi Smith da haɗa ikon addini da na mulki a hannunsa. Ranar 10 ga Yuni majalisar birnin, ƙarƙashin jagorancinsa, ta ayyana jaridar a matsayin barazana ga zaman lafiya, aka farfasa injin bugawa, aka ƙona sauran kwafin.

Garuruwan da ke kewaye suka ɗauki zafi. Smith ya kafa dokar soja a Nauvoo, daga baya ya tsallake kogi da niyyar tserewa, sannan ya dawo ya miƙa kansa a garin Carthage bayan Gwamna Thomas Ford ya yi alƙawarin kare lafiyarsa. An fara tuhumarsa da tayar da tarzoma, sai aka ƙara da cin amanar jiha, laifin da ya hana a ba da belinsa.

Da yammacin 27 ga Yuni, yayin da gwamnan ya tafi Nauvoo, mutane fiye da 100 da suka shafe fuskokinsu da baƙi suka afka wa gidan yarin. Hyrum aka fara harbewa. Smith ya mayar da wuta da wata ƙaramar bindiga da aka shigar masa a ɓoye, ya nufi taga, harsasai suka same shi, ya faɗo daga bene. An gurfanar da mutum biyar a 1845, duka aka sallame su. Emma na da ciki a lokacin, ta haifi ɗansu na ƙarshe, David, a watan Nuwamba.

Gida biyu, labari biyu

Mafi yawan mabiyan suka bi Brigham Young, wanda ya fitar da su daga Nauvoo a 1846, suka isa kwarin Salt Lake, a Utah ta yau, a watan Yulin 1847. Young kansa ya auri mata fiye da 50, har da wasu daga cikin waɗanda Smith ya bari. Ranar 29 ga Agusta, 1852, cocin ya fito fili ya bayyana koyarwar, ya kuma danganta ta ga Smith.

Emma ba ta bi su ba. Ta zauna a Nauvoo, ta sake aure a 1847. A 1860 babban ɗanta, Joseph Smith na Uku, ya karɓi shugabancin wani ɓangaren da ya ƙi auren mace fiye da ɗaya, wanda tun 2001 ake kira Community of Christ. Ya shafe rayuwarsa yana ƙoƙarin wanke sunan mahaifinsa, yana ɗora alhakin a kan Young. Da ƙannensa suka je Utah wa'azi a 1869, ɗan wan mahaifinsu, Joseph F. Smith, ɗan Hyrum, ya shiga tattara shaidar rantsuwa daga matan da suka ce su matan Smith ne. A wata shari'a kan filin haikali a Missouri a farkon shekarun 1890, wasu daga cikinsu, har da Emily Partridge, sun shaida cewa sun yi zaman aure da shi.

Ita kuwa Emma, a hirar da ta yi da ɗanta a farkon 1879, ta musanta cewa mijinta ya taɓa yi mata kishiya. Ta mutu ranar 30 ga Afrilu na wannan shekara, tana da shekara 74.

Gwamnati ta sa ƙafar wando ɗaya da coci

Auren ya zama batun siyasar ƙasa. A 1856 jam'iyyar Republican ta jera shi tare da bauta a matsayin abin da za ta yaƙa. Shugaba Abraham Lincoln ya rattaba hannu a kan dokar haramta shi a 1862. A 1879 Kotun Ƙoli, a shari'ar George Reynolds, sakataren Brigham Young, ta yanke cewa tsarin mulki ya ba mutum 'yancin yin imani da abin da ya ga dama, amma bai ba shi damar karya doka da sunan addini ba.

Dokokin 1882 da 1887 suka ƙara tsanani. Aka ɗaure maza fiye da 1,000, aka ba gwamnati ikon ƙwace kadarorin cocin. Shugabansa na lokacin, John Taylor, wanda ya tsira da raunuka daga harin Carthage, ya mutu a maɓoya a 1887. A watan Satumban 1890 magajinsa, Wilford Woodruff, ya ba da sanarwar dakatar da auren, abin da ya buɗe wa Utah hanyar zama cikakkiyar jiha a watan Janairun 1896. Da aka gano ana ci gaba da ƙulla shi a ɓoye, Joseph F. Smith, wanda a lokacin ya zama shugaban cocin, ya fitar da sanarwa ta biyu a 1904, tare da hukuncin kora ga duk wanda ya saɓa.

Hukuncin na aiki har yau. Wasu ƙananan ƙungiyoyi da suka ɓalle ne kawai ke ci gaba da auren a yammacin Amurka, kuma cocin ba ya ɗaukarsu a matsayin nasa. Amma wahayin 1843 na nan a kundin koyarwarsa a matsayin sashe na 132, inda aka sanya shi tun 1876, shekarar da aka cire bayanin 1835 na mace ɗaya.

Shekaru da yawa littattafan karatun cocin sun fi nuna Smith tare da Emma kaɗai, har mabiya da dama suka taso suna zaton Brigham Young ne ya fara al'adar. A watan Oktoban 2014, shekara 170 bayan mutuwar Smith, cocin ya wallafa bayani a shafinsa na intanet, inda ya amince da ƙiyasin mata 30 zuwa 40, da auren matan da ke da mazaje, da shekarun Helen Mar Kimball. Ya kuma amince cewa da alama Emma ba ta san da dukkan auren ba, kuma al'amarin ya kasance mata jarrabawa mai tsanani.